Takalmin Mantau

Ranar Litinin da safe Shugabar gidan rainon yara ta shiga sito ta ƙirga madarar da ta rage ta satin ƙarshen wata, sai ta ga leda goma sha biyar babu. Ta sake ƙirgawa. Ta ɗaga kwalin ta girgiza shi, kamar ledojin za su faɗo daga wani lungu. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau. Da ta ɗaga kai ne ta ga an tsaga ragar tagar baya daga ƙasa, tsaga madaidaiciya, daidai wucewar hannu.

Wani zai ce mene ne leda goma sha biyar. A da ba komai ba ne. A da gwamnati kan aiko da buhuna, a dafa a babbar tukunya, duk yaron da ya zo ya ci, har da ƙanin da uwa ta goyo. To, a wasu gidajen buhunan sun riƙa ɓullowa a kasuwa, shi ya sa aka kawo sabon tsari. Yanzu kowane yaro da takardar haihuwarsa, kowace takarda da ledar madara ɗaya da ƙwai ɗaya a rana, kuma duk wata akwai jami'ar da ke zuwa da sikeli ta auna yaran. Gaskiya tsarin ya yi amfani, don kumatun yara sun ciko. Sai dai yana da doka ɗaya mai kaifi: gidan da abinci ya ɓata a cikinsa, a cire shi shekara guda; wanda aka kama kuma a sallame shi da takardar da ba zai ƙara samun aikin girki a ko'ina ba.

Mutum biyu ne ke da makullin sito: Shugaba, da mai girki, wadda yara ke kira Iya Ludayi.

Kafin a tashi yara labari ya riga ya kai bakin ƙofa, inda iyaye mata ke jira.

"Ni tun tuni nake cewa jakar nan tata ta cika girma."

"Mace ba miji ba ɗa, wa take kai wa?"

"Wa take kai wa kuwa? Kasuwa mana!"

Da Iya Ludayi ta fito, matar tela ta fizge jakar daga kafaɗarta ta zazzage a ƙasa. 'Yar rediyo ta faɗo, da flas ɗin shayi, da allura da zare, sai wani ɗan kofi shuɗi na yara. Kofunan gidan duk rawaya ne.

"Iya, wannan na jaririnki ne?" in ji matar tela. "Yaushe kika haihu ba mu ji ba?"

Aka kwashe da dariya. Iya Ludayi ta durƙusa tana tsince kayanta ɗaya bayan ɗaya. Kofin ta ɗauka a ƙarshe, ta goge shi da bakin rigarta. Mace ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata mai guga, wadda ta ja hannun 'yarta ta bar wurin da sauri.

*

Baba Sunkuye yana zaune a ɗaki ɗaya bayan shagon mai faci. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun dabbobin da suka ɓata, har wuyansa ya saba da kallon ƙasa, sunan ya bi shi. Daga baya aka shimfiɗa kwalta ko'ina, dabbobi suka koma hawa mota, ƙasa ta daina yi masa magana. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Ɗansa yana wani gari mai nisa, yakan kira idan ya tuna. Maƙwabta kuwa, ya fi sanin takalmansu a kan fuskokinsu.

Kullum da safe yakan share ɗan yashin da ke ƙofar ɗakinsa ya yayyafa masa ruwa. Kullum da yamma ya duba. Sawunsa ne na fita, sawunsa ne na dawowa, wani lokaci da na kaza.

A yammacin Litinin ɗin nan Shugaba ta zo da kanta. Ya miƙa mata kujerarsa ɗaya tak, shi ya zauna a bakin gado.

"Baba, ba na son 'yan sanda. Da zarar sun rubuta, an cire mu ke nan. Ranar Alhamis Mai Sikeli za ta zo. So nake in miƙa mata ɓarawon da hannuna, ko ta tausaya wa yara arba'in."

"Kin riga kin san ɓarawon ke nan?"

"Kowa ya sani."

"To, ni me zan yi miki?"

Shugaba ta murza makullan da ke hannunta. "Shekara tara muna tare da ita, Baba. Ko gishiri bai taɓa ɓata ba. Ba na so in kashe mata rayuwa a kan zato."

"Kada kowa ya taka bayan tagar nan," in ji shi. "Ki ce wa maigadi ya share yashin bakin ƙofa ya jiƙa shi kafin yara su zo. Gobe da jibi."

*

Ranar Talata ya zauna a kan bencin maigadi yana kallon ƙafafun yara arba'in suna wucewa. Masu gudu, masu tirjiya ana jan su, masu tsalle da ƙafa ɗaya. Da suka shige ya durƙusa a kan yashin ya daɗe, kamar mai karanta shafin da aka rubuta layi a kan layi.

"Yaya, ka ga ɓarawon a nan?" in ji maigadi. "In dai ba ɗan shekara uku ba ne."

"Kai wa kake zato?"

"Ni? Ni idona biyu, bakina ɗaya. Amma direban nan mai kawo ƙwai duk Talata, me yake zuwa yi a lungun baya? In ya sauke kaya sai ya zaga. Ban ce komai ba fa."

Tagar siton tana kallon wani siririn lungu ne a wajen katanga, tsakanin bango da tankin ruwa. Ruwan wanke-wanke yakan malalo can, ƙasar ta jiƙa, ta bushe, ta sake jiƙa, don haka sawun kwanaki da dama na nan a ajiye. Ga manyan takalman direba nan raɗau, ga guntayen sigari. Sai dai takalman sun tsaya taku biyu kafin taga, kuma duk sanda suka iso gindin tanki sai su yi ɗan kwana, kamar suna kauce wa wani abu.

Baba Sunkuye ya duba abin da suke kauce wa. Ƙananan sawu ne, ba takalmi. Ga bulo ɗaya da aka jawo ƙarƙashin taga. Ga inda aka zauna, wurin ya yi sumul.

Ya tare direban yana rufe bayan mota.

"Baba, ka rufa min asiri, sigari nake sha," in ji direban yana waige-waige. "Matata ta ce in ta ƙara jin warinsa a mota zan riƙa kwana. Madarar yara kuma? Haba! Ni da ko ta gidana ba na sha, cikina ba ya karɓa."

"Wa kake kauce wa a gindin tanki?"

"Au, 'yar nan? Wata 'yar mitsitsiya ce ke zama a can. Na ɗauka 'yar gidan ce ta yi laifi aka ce ta zauna. Na taɓa yi mata wasa, ko kallona ba ta yi ba."

Bayan an gama ba yara abinci ya koma lungun. Akwai sabon sawu, na yau. Mai shi tana jan diddigen hagu kaɗan. Ta hau bulon, ta yi ɗage a kan yatsu, ta daɗe, don yatsun sun bar laka a kan bulon sau da yawa. Ta sauko ta zauna. Ta zana layuka da yatsa a ƙasa. Ta sake hawa. Sannan ta tafi, takun nata gajeru.

Wani abu ya tsaya masa a rai. A cikin tsoffin sawun, wasu na mai jan diddige ne, wasu kuma na wadda ke karkatar da yatsunta ciki. Girman ƙafar ɗaya ne, kamar an auna. Amma bai ga rana ɗaya da su biyun suka zo tare ba.

*

Ya tarar da Iya Ludayi ita kaɗai a kicin tana wanke tukunya. An karɓe makullinta tun jiya. Sauran ma'aikata sun ɗauki abincinsu sun koma ofis, wai can ya fi iska.

"Sannu da aiki, ƙanwata."

"Sannu, Baba. Kai ne aka ɗauko ka kama ni?"

"Wa ke shan madara a kofi shuɗi?"

"Ni."

"Kofin da bai kai tafin hannu ba?"

"Cikina ƙarami ne."

Ya dube ta. Babbar mace ce mai faɗin kafaɗa, silifas ɗinta sun baje saboda tsayuwa. Ita ma ta san amsar ba ta shiga ba, har ta ɗan yi murmushi.

"Ni na tsaga ragar," ta ce. "Ni na ɗauka, ni na sha. Ka gaya musu haka, ka huta."

"Za su kore ki, da takarda."

"In an kore ni, mutum ɗaya aka kora. Ba mai kuka a gidana."

Tana magana idonta na zuwa kan ƙofar sito, wadda aka sa wa sabon kwaɗo. Ta ƙofar nan kaɗai ake isa ga tagar.

"Ta zo yau," in ji shi a hankali. "Ta hau bulon sau uku."

Hannunta ya tsaya a cikin ruwan kumfa. Can ta goge hannu, ta ɗauko flas ɗinta ta zuba masa shayi a murfin.

"Sha, Baba. Wannan nawa ne, ba na gwamnati ba."

Ya karɓa da hannu biyu. Sai da ya kurɓa ya tuna shekara shida ke nan bai sha shayin da wani ya dafa ba.

*

Ranar Laraba ya sake durƙusawa a kan jiƙaƙƙen yashin bakin ƙofa. Tun jiya ya lura da wani ɗan takalmin roba mai tsaga a ƙasan na dama. Jiya mai takalmin tana karkatar da yatsunta ciki. Yau ga takalmin nan, ga tsagar nan, amma mai shi tana jan diddigen hagu.

Ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa na ƙara.

Ya sami mai kula da ajin ƙanana, wadda kowa ke kira Anti, tana jera tabarmin barcin rana.

"'Yata, wace ce mai jan takalmin roba, na dama ya tsage?"

"Au, Mantau? Ga ta can jikin bango."

"Sunanta ke nan?"

Anti ta yi dariya. "Mu muka sa mata. Baba, yarinyar nan ta gagare ni. Yau ka koya mata waƙa, gobe ta dube ka kamar ba ta taɓa ji ba, jibi kuma ta rera ta tsaf. Wata rana surutu kamar rediyo, wata rana ko tari ba ta yi. Ko wurin ajiye kofinta sai na nuna mata sau biyu. Har Mai Sikeli ta yi magana, wai sauran na ƙaruwa ita tana nan yadda take."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka fara sabon tsarin nan aka yi musu rajista."

Ya fita ya bi sawun takalmin baya-baya, zuwa inda ya fito. Kwalta ta cinye shi, gefen hanya ya dawo da shi. Ya wuce mai sayar da katin waya, ya wuce famfo, ya tsaya a wani shagon wanki da guga mai ɗaki ɗaya a bayansa.

Mai Guga tana tsaye tana goge farar riga. A ƙarƙashin teburin, tsakanin ƙullin kaya, wata yarinya na zaune ba takalmi, yatsun ƙafarta sun karkata ciki. Fuskarta ita ce fuskar da ya baro jikin bango a ajin Anti.

"Sannu da aiki, 'yata."

"Yawwa, Baba. Wanki ne ko guga?"

"Ɗaya tana aji, ɗaya tana ƙarƙashin tebur. Gobe kuma su canza."

Ta tsaya da dutsen guga a kan rigar, sai da ya nuna mata da haɓa sannan ta ɗaga da sauri.

"Baba, don Allah."

"Ban zo da kowa ba. Gaya min."

Ta gaya masa tana kallon rigar. Tagwaye ne. Ubansu ya tafi neman aiki tun suna rarrafe, shiru har yau. Ranar rajista layi ya yi tsawo, Shugaba na ta faɗa da ƙarfi: takarda ɗaya, yaro ɗaya. Ita kuwa takarda ɗaya asibiti ya ba ta. Ta koma neman ta biyu, aka ce ta dawo wani sati, ta dawo aka ce mai hatimi ya yi tafiya. Sai ta yi wa ɗaya rajista. Takalmi ma ɗaya ne, gidan rainon kuma ba a shiga ba takalmi.

"Na ce ai gara kowacce ta ci yau ta huta gobe, da a ce ɗaya ta ƙoshi ɗaya tana kallo. Wadda ke gida nakan ba ta abin da ya samu. Ban san tana sulalewa ta bi 'yar'uwarta ba, sai ran da ta dawo da madara a leɓe."

"Kina wurin da aka zazzage jakar matar nan."

"Ina wurin." Muryarta ta yi ƙasa. "Tun ranar abinci bai wuce min ba. Amma in na yi magana za su ce na yaudari gwamnati, su cire su duka biyu."

"Mu ga takardar."

Ta shiga ɗaki ta fito da ita a cikin leda. "Ni ban iya karatu ba, Baba."

"Ni ma haka."

Ya dubi rubutun, baƙaƙen layuka da ba su ce masa komai ba. Ya juya bayanta. A can ma'aikaciyar asibiti ta dangwala ƙafar jariri da tawada, sawu biyu ƙanana gefe da gefe. Ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana kallo.

"Gobe ki zo da wannan, da yaran duka biyu."

"In suka cire su fa?"

"Watakila su cire. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in ba ki zo ba, matar da ta ciyar da 'yarki za ta tafi da sunan ɓarauniya, kuma ba ta da wanda zai ce ba haka ba ne."

*

Ranar Alhamis aka taru a ajin ƙanana, manya a kan kujerun yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Shugaba, Anti, maigadi, direban da aka kira musamman, da Iya Ludayi can gefe ita kaɗai. Matar tela da wasu iyaye sun cika taga. Mai Sikeli siririya ce mai gilashi. Baba Sunkuye ya dubi takalmanta ya ga diddigen ya cinye, ya san gidaje da yawa take zagawa da ƙafa.

Mai Guga ba ta zo ba.

"Leda goma sha biyar," in ji Mai Sikeli. "Ina saurare."

Iya Ludayi ta miƙe. "Ranki ya daɗe, ni ce. Kada a hukunta yara, ni kaɗai..."

"Zauna, ƙanwata, ba a zo kanki ba tukuna," in ji Baba Sunkuye. Ya fara da direba, ya ce hannunsa bai taɓa kai wa taga ba, abin da ke kai shi lungu kuma tsakaninsa da matarsa ne. Maigadi ya ƙyalƙyale da dariya, aka harare shi. Tsohon ya ja maganar lungun, da bulon, da tankin, yana yi yana sauraron waje. Ya kusa rasa abin faɗa sannan ya ji taku a baranda, na babba ɗaya da ƙanana biyu.

Mai Guga ta shigo riƙe da yara biyu, ɗaya da takalmi, ɗaya ba takalmi.

Anti ta dafe ƙirji. "Wayyo ni! Mantau biyu!"

"Ba ta taɓa mantuwa ba," in ji Baba Sunkuye. "Wadda kika koya wa jiya tana gida yau. Wadda ba ranarta ba takan zo bayan taga ta saurari 'yar'uwarta. Can matar nan ta gan ta."

"Burodin da nake ba ta nawa ne," in ji Iya Ludayi. "Madarar ce ba ni da ita. Yarinya tana jin ƙarar kofuna ta bango, Shugaba. Ya zan yi?"

Mai Sikeli ta gyara gilashinta.

"Na ji, kuma raina bai so ba. Amma yaron da ba shi da takarda ba ya cikin tsari, abin da ya sha kuma ɓata ya yi. Ba ni na rubuta dokar ba."

"Ga takarda," in ji tsohon. Mai Guga ta miƙa.

Mai Sikeli ta karanta. "Sunaye biyu ne a layi ɗaya."

"Na gani ranar rajista," in ji Shugaba. "Na ɗauka sunanta ne da laƙabinta. Fom ɗinku ma gurbi ɗaya gare shi."

"Yara da yawa suna da suna biyu. Wannan ba hujja ba ce, Baba."

"Juya bayanta, ranki ya daɗe."

Ta juya. "Sawun jariri ne. Hagu da dama, kamar kowace takarda."

"Dubi babban yatsa."

Ta duba. Ta kusanto da takardar. A sawun farko babban yatsa yana ɓangaren dama. A na biyu ma yana ɓangaren dama.

"Kin auna yara da yawa," in ji Baba Sunkuye. "Kin taɓa ɗora mai ƙafar hagu biyu a sikelinki?"

Mai Sikeli ta cire gilashin ta goge, ta mayar, ta sake duba. Ta dubi yaran biyu, waɗanda suka riƙe hannun juna suna kallon sikelin. Sannan ta buɗe bironta.

"Takardar nan ta yara biyu ce. Ke nan madarar ba ta ɓata ba, mai ita ce ta sha." Ta juya ga Iya Ludayi. "Amma kin tsaga raga, kin ɓoye magana. Makulli ba zai dawo hannunki ba wannan shekarar. Aikinki yana nan."

Iya Ludayi ta koma kan 'yar kujerar ta rufe fuskarta da tafukanta.

"Batun gurbi ɗaya kuma zan rubuta wa na sama," in ji Mai Sikeli tana rubutu. "Wannan ne gida na uku da na ga yaro a bayan katanga, kowanne da dalilinsa. Ban san ko za su karanta ba. Ku kawo min su in auna, ɗaya bayan ɗaya, kada ku rikita ni."

Nan aka rufu a kan tagwayen, kowa na so ya gane bambancinsu. Daga taga aka ji matar tela tana cewa ai ita dama ta san Iya ba za ta yi haka ba. Ba wanda ya ba Iya Ludayi haƙuri. Ta tashi ta ciro kofi shuɗi daga jakarta, ta ajiye shi a cikin jerin masu rawaya.

Baba Sunkuye ya fita. Maigadi ma yana ciki yana kallo, ba wanda ya ga tafiyarsa.

*

Ranar Asabar ya share yashin ƙofarsa ya yayyafa ruwa, ya tafi ya zauna a bakin kasuwa yana kallon ƙafafun mutane har rana ta yi sanyi. Bai yi magana da kowa ba, sai mai lemo da ya ce masa ya ɗan matsa.

Da ya dawo, ya tsaya tun daga nesa.

Akwai sawu a yashin. Silifas ne masu faɗi, na mace mai yawan tsayuwa. A gefenta ƙananan sawu layi biyu. Ɗaya da takalmin dama mai tsaga, ƙafar hagu tsirara tana jan diddige. Ɗayar da takalmin hagu, ƙafar dama tsirara, yatsu a karkace. Sun raba takalmin. Sun tsaya a bakin ƙofarsa, sun daɗe, don ƙananan sun yi ta zagaya babbar, har ɗaya ta zauna ta zana layuka da yatsa. Sannan suka juya.

A gindin ƙofar ga flas a jingine. Ya taɓa shi, da sauran ɗumi.

Ya bi ta jikin bango ya shiga ɗaki, a hankali, don kada ya taka komai. Washegari da safe ya ɗauki tsintsiya ya fito, ya tsaya yana kallon yashin. Sai ya mayar da ita bayan ƙofa.